Bakan da Na Zaɓa wa Arzika

Bari in fara da wautata tun kafin wani ya riga ni ba ku labarin ya ƙara gishiri. Ranar da na fara riƙe baka mai taya a hannuna, ranar na kashe shi. Wani ɗan kasuwa ne ya zo da shi daga ƙasar waje don ya rataye a falo, ya aiko a kira ni, wai ni ne masanin baka a Ƙofar Dundaye, in zo in sa albarka. Na sa babbar riga na tafi. Abin ya ba ni dariya: baƙin ƙarfe, gajere, taya sama taya ƙasa, igiyoyi sun sarƙe kamar an kwance keke an rasa yadda za a mayar. To mu a sana'armu ba a yabon baka sai an ji muryarshi. Ka ɗan ja tsarkiya, wato igiyar baka, babu kibiya, ka saki kusa da kunne, ka saurara. Na ja. Da fari ya yi tauri, can sai na ji ya saki jiki ya biyo ni kamar ya san ni. Daɗi ya ɗebe ni, na kai shi har kunne, na saki. Muryar da na ji ita ce ta ƙarshe da ya yi a duniya. Tsarkiya ta tsallake taya ta zane ni a dantse, wani ɗan ƙarfe ya tashi sama ya faɗa cikin kwanon furar mai gida. Daga baya anka gaya mini irin wannan ba a sakinshi babu kibiya, don ƙarfin da ya tara in bai sami abin turawa ba, kanshi yake ci. Mai gida ya dubi baka, ya dube ni, ya ce, "Malam Sahabi, albarkar ke nan?" Na ce ai ban ƙare ba.

Na faɗa muku wannan ne, ku samarin da ke zuwa rumfata kuna shan inuwa kuna nuna mini hotuna a waya, don ku san mai maganar ba waliyyi ba ne. Karatuna bai wuce in gane sunana in an rubuta shi da manyan baƙaƙe ba, wannan ma jikata ke gyara mini shi. Amma in na ji ɗayanku ya ce baka ai sanda ce da igiya, ko ya ce na zamani ai danna waya kawai za ka yi a kawo maka a kwali, sai in ji haƙoran da sunka rage mini suna ƙaiƙayi.

Aikin farko da maigidana Baba Tunau ya ba ni shi ne in zauna in yi gadin itace. Ba wasa nake ba. Ya sare sandunan dargaza bayan ruwa ya ɗauke, ya jera su a rufin zaure inda hayaƙin murhu ke bi, ya ce in riƙa juya su. Na tambaye shi yaushe za mu fara sassaƙa. Ya ce sai sun manta da daji. Na zauna ina kallon sanduna suna mantuwa. Hayaƙi ya shiga tsakaninsu ya fita, rana ta shigo ta wata ɓula ta yi tafiyarta a kan bango, ni kuwa in yi gyangyaɗi in ga kaina cikin fadamar Rima, dargaza ta tsiro mini a tafin hannu. Da damina ta zagayo, ya sauko da su, ya riƙa ƙwanƙwasa kowace da bayan wuƙa. Mafi yawa ya jefar gefe, wai har yanzu suna maganar daji.

Kayan aikinmu ba su cika jaka ba. Gizago ƙarami, wuƙa, guntun kwalba na kankara, man shanu na shafawa, sai garwashi. A kan garwashi ake lallashin itace. Ka shafa mishi mai, ka kanga shi, ka dafa da gwiwa, ka ɗan matsa. In ka yi gaggawa ya ce ƙas, aikin shekara ya tafi. Tsarkiya daga fata muke yanko ta, a jiƙa, a murza, a miƙe tsakanin turaku biyu har ta bushe. Kibiya kuwa kyauro ne, wannan karan bakin ruwa mara nauyi, maƙeri ya ba mu ƙarfen, mu ɗaure da jijiya. Tamu ba ta da fiffike, miƙewarta ce kawai ke kai ta.

Baba Tunau bai taɓa sayar wa mutum baka don ya nuna shi da yatsa ba. Maharbi zai shigo ya ce wancan nake so, tsoho ya ce mishi zauna tukuna. Ya dubi kafaɗarshi, ya ɗora kyauro a ƙirjinshi ya sa ya miƙa hannu biyu, inda yatsu sunka tsaya nan ne tsawon janshi. Ya tambaye shi mi yake harbi, a tsaye ko a durƙushe, cikin sarari ko cikin ƙaya. Kuma kullum ƙarya ɗaya maza ke yi: kowa ya fi ƙarfin kanshi. Ban taɓa jin wanda ya shigo ya ce a ba ni mai laushi ba. Sai tsoho ya miƙa mishi mai laushin ya ce, "Wanga, mutum biyu sun kasa shi." Mutum ya tafi yana fara'a, ya kashe nama har ya tsufa. Abin da na fi ƙwarewa a kai cikin duk abin da na koya ke nan.

Akwai shekarar da ba na son a tuna mini, amma ku ji. Ruwa ya yi gardama, nama ya yi nisa, maharba da yawa sunka koma bindigar gargajiya, waɗanda sunka rage kuma dajin nesa ya daina shiguwa. Ni kuma saboda ƙosawa na sari itace ɗanye kafin lokacinshi. Wata safiya na ɗaga kai na ga gari yana zubowa daga rufi kamar ana tankaɗe. Ƙwaro ya cinye sandunan ta ciki, ya bar mini siffarsu. Na taɓa ɗaya, yatsana ya shige. A shekarar nan na koma yin ƙananan bakuna na yara da na ratayewa a bango, ina shafa musu fenti ja da kore. Wata mata ta saya ta ce za ta riƙa rataye labule. Na ce mata wannan, mutum biyu sun kasa shi.

Cikin waɗanda ba su bar ni ba akwai Arzika. Taubashina ne, ɗan goggona, don haka tun muna yara kowa ke cewa ɗan uwanshi ne bawa, har yau ba a yanke hukunci ba. Manomin gero ne a wani ƙauye arewa da gari, in an yi girbi kuma maharbi. Shi ne mai burtu a cikin 'yan farautarsu. Ga wanda bai sani ba, kan tsuntsun burtu ne ake sassaƙawa da itace, a lulluɓe da fata, maharbi ya ɗaura a goshi, ya rufa da baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar tsuntsu na kiwo, har ya matso kusa da nama. Duk bakan da ya taɓa riƙewa ni na yi shi.

Bara waccan ya faɗo daga amalanke, kafaɗar dama ta samu matsala. Ta warke, amma ba ta dawo da hankalinta duka ba. Yana iya fizgar tsarkiya, riƙewa ce ba ya iyawa, hannu ya kama rawa, kibiya ta tafi gaishe da wata bishiya. Na yi mishi mai laushi, na ƙara yin wanda ya fi shi laushi, har munka kai wanda ko zomo zai yi wa dariya. 'Yan farautarsu kuwa suna da al'ada: wanda ya kasa jan baka, zai miƙa burtu ga na baya, shi ya koma tsaron kaya a gindin bishiya, yana jiran gorunan ruwa da takalman mutane. Sun yi mishi kara shekara guda. Sun ce in kaka ta zo za a gani.

Ɗiyarshi Luba ce ta zo mini da maganar. Ma'aikaciya ce, tana aure a Gawon Nama. Ta shigo rumfa da shi a bayanta yana ɓata rai, ta durƙusa ta gaishe ni, ta fito da waya.

Ta ce, "Kawu, an ce akwai baka wanda in an ja shi ya wuce rabi, nauyin sauka yake yi. Ina son in sai wa Baba. Amma ban san wane ba, sun yi yawa. Kai za ka zaɓa."

Arzika ya ce, "Wanga? Wanda ya kashe na Alhaji cikin fura? Luba, kin rasa wanda za ki tambaya duk Sakkwato?"

Na ce, "Bawana, zauna. Wanda ya taɓa kashe abu ai shi ya san inda ranshi yake."

Gaskiya tun bayan abin kunyar nan na riƙa bibiyar irin bakan. Duk wanda na ji yana da shi sai na je na gani, hannuna a baya. Don haka ba a duhu nake ba gaba ɗaya. Luba ta riƙa turo hotuna da yatsa tana fassara mini. Na masu farawa ne, kowane a kwali guda da tarkacenshi: abin saiti mai 'yan ƙusoshi masu launi, wurin ɗora kibiya mai gashi kamar buroshi, kwarin da ake maƙalawa a jikin bakan, kibau masu fiffiken roba, da wata 'yar kunama irin ta bindiga da ake ɗaurawa a wuyan hannu, ita ke riƙe tsarkiya maimakon yatsu.

Arzika ya leƙo ya dangwala yatsa a kan wani dogo mai zanen ganye. "Wanga nika so. Mi ad darajar ƙarfinshi?"

Luba ta ce shi ne mafi tauri a cikinsu.

"To shi na."

Na ce a wuce. Na farko, dogo ne, mai burtu kuwa a durƙushe yake harbi, tayar ƙasa za ta riƙa noma. Na biyu, taurinshi ɗaya ne tun daga masana'anta, ba a ragewa sosai. Na ce wa Luba ta nemo mini wanda ake ƙara mishi ƙarfi a rage, kuma ake daidaita tsawon ja ba sai an kai shi wurin injin ba, don a garin nan in ya lalace ba mu da asibitinshi. Ta ce wani ya fi yawan kaya a kwali, har da jaka da hula. Na ce hula ba ta kashe nama. In kaya sun yi yawa kuɗin bai ƙaru ba, to a jikin bakan anka rage. Ta tambayi mai sayarwa ko ana samun tsarkiyar canji da ƙarin kibau, ya ce ana samu. Na ce ta tambaye shi na dama ne ko na hagu, don su ba kamar namu ba ne da kowane hannu ke ɗauka. Na ce kuma a tabbata kibau suna da kan farauta, kada a kawo muna masu kan koyo, mu je daji muna yi wa nama susa.

Sai awo. Na ɗauko kyauro na dafa a ƙirjin Arzika, ya miƙa hannu, na yi alama da farce. Luba ta ɗauko tef ɗin tela daga jakarta ta auna kyauron, ta gaya wa mai sayarwa. Arzika yana tsaye hannu a miƙe, ya ce, "Ku ƙare, kamar masu auna likkafani."

Abu guda ne na kasa yi: jin murya. Na sa Luba ta kunna wani bidiyo inda wani ke harbi da irinshi, na kanga wayar a kunne. Wata 'yar ƙara ce gajera, kamar an rufe ƙofar ɗaki a hankali a wani gida can nesa. Na sa ta maimaita. Na ce a kawo shi.

Bakan ya iso ana cikin yankan gero. Kafin Arzika ya zo na karɓi kwalin, na kai shi wurin mai gyaran babur na kusa da ni, munka sa ɗan makullin da ya zo da shi munka sassauta notunan sama da ƙasa daidai wa daida, har ya dawo yadda na san kafaɗar nan za ta ɗauka. Da ya zo na miƙa mishi, na ɗana mishi kibiya da kaina, na ce, "Wanga, mutum biyu sun kasa shi."

Munka fita bayan gari, na jingina buhun ƙaiƙayi a jikin wata ganuwar gona. Ya durƙusa, ya ja. Na ga fuskarshi ta yamutse a farkon ja, sai taya ta juya, sai fuskar ta warware. Ya tsaya a haka. Hannu bai yi rawa ba. Ya daɗe har na ce ko ya manta da mu, sannan ya taɓa kunama. Kibiya ta shige buhu ta leƙa ta baya.

Ya juya bakan yana dubawa, ya ga zaren notunan a waje. Ya ce, "Sahabi, ka sassauta shi."

Na ce, "Ni? Ina ni ina taɓa kayan mutane."

Ya shafa taya da babban yatsa. Ya ce, "Bar shi hakanan. Sabo na, kada mu wahalshe shi."

Kwanaki ya yi yana koyon abin saitin, yana zaginshi, daga baya sunka shirya.

Ni ba maharbi ba ne. Na yi wa daji bakuna tun ina saurayi, amma shigata ba ta taka kara ta karya ba, ƙaya ba ta sona. Ranar fitarsu ta farko dai na ce sai na je. Munka tashi da safe, munka yi tafiya cikin gonakin da anka girbe, kara a tsaye, raɓa ba ta gama bushewa ba. Anka aje kaya a gindin wata tsamiya. Samari sunka watsu da karnuka ta yamma, don su bar wa mai burtu gefen fadama shi kaɗai. Babbansu ya ce wa Arzika, "Baba, yau muna jira." Arzika ya ɗauki bakanshi. Ya ɗaura burtu, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa.

Na hau wani tudu na zauna. Daga can ba taubashina nake gani ba, tsuntsu ne baƙi yana kiwo, ya sunkuya, ya ɗago, ya tsaya kamar ya tuna wani abu, ya ci gaba. Rana ta ɗan ɗaga, tururi na tashi daga ciyawa, komai yana motsi a hankali kamar ana kallonshi ta cikin ruwa. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Can a bakin wani kurmin geza na ga ja-ja yana motsi. Gada ce. An daɗe ba a ga gada a wajen nan ba, har samari sun fara ɗaukarta labarin tsofaffi.

Tsuntsu ya matsa. Ya ƙara matsawa. Ya kai inda ko yaro ba zai kuskure ba. Na ga zane ya ɗan buɗe, baka ya fito, hannu ya tafi baya, taya ta juya. Na kasa kunne ina jiran 'yar ƙarar nan.

Ba ta zo ba. Gada ta tsinki ganye, ta tauna, ta kaɗa kunne ta kori ƙuda. Ta ɗaga ƙafar baya ta sosa wuya. Ta dubi burtu, burtu ya dube ta. Shi kuwa yana nan a ɗame, ko gezau. Da bakan itace ne da tuni an gama, don namu ba ya haƙuri, ja da saki numfashi ɗaya ne. Gada ta ƙara tsinkar ganye, ta juya, ta taka a hankali ta shige geza. Ganyen ya rufe bayanta.

Sai na ga ya mayar da tsarkiya sannu sannu, kibiya na nan a kanta. Ya miƙe tsaye, ya zama mutum.

Na riga shi isa gindin tsamiya. Samari sun fara dawowa, wani da zomo, wani da zabin daji. Babbansu ya dubi hannun Arzika ya ga wayam, ya ce, "Baba, kafaɗar ce?" Arzika ya ce kafaɗa lafiya lau. Ya kwance burtu daga goshinshi, ya share ƙurar bakin da gefen zane, ya miƙa wa babban samarin da hannu biyu. Ya gyara gorunan ruwa, ya tattara takalma wuri guda, ya zauna a kan saiwa kusa da ni, bakan a cinyarshi.

Na ce, "Na gan ka. Ko ɗan jikana zai same ta daga nan. Ko bakan ne ya ƙi?"

Ya juya ya dubi wajen fadama.

Ya ce, "Bakan bai ƙi ba. Naka kullum korata shikai, in ja in saki. Wanga kau jirana ya yi. Sahabi, tun ina yaro nika bin gada, ban taɓa ganin yadda taka cin abinci ba sai yau. Kai da ka zaɓo shi, gaya mini, wanda ya ga wannan, da wane hannu za shi harbe ta?"